Tambayi Likita: Barci Yana Sace Ni Da Rana, Ko In Sayi Maganinsa Ta Intanet?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina da wata damuwa da nake neman shawararka a kanta. Shekaruna 41, ma'aikacin gwamnati ne ni a sashen kuɗi, kuma kusan shekara biyu ke nan barcin rana yana neman kunyata ni. Nakan kwanta da wuri, misalin ƙarfe goma, amma idan na tashi da asuba sai in ji kamar ban runtsa ba, kaina yana sarawa, bakina kuma a bushe. Da zarar na zauna gaban kwamfuta sai gyangyaɗi, a wurin taro haka, ranar Juma'a kuwa kafin liman ya kai rabin huɗuba na yi nisa. Makonni uku da suka wuce ina tuƙi daga Zariya zuwa Kaduna, ƙarar tayoyi a kan tsakuwar gefen hanya ce ta farkar da ni. Uwargida ta daɗe tana ƙorafin minsharina, kuma ina shan maganin hawan jini. Goro da shayi da lemon ƙara kuzari duk sun daina yi mini aiki. Wani abokin aikina ya nuna mini wani shafi a Facebook da ke sayar da ƙwayar hana barci da ake kira modafinil, sun ce ba sai da takardar likita ba, in tura kuɗi kawai su saka mini a mota. Shin in saya?

Mai karatu daga Kaduna

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara kiyayewa, domin abin da ya faru da kai a hanyar Zariya shi ne ya fi komai tayar mini da hankali a cikin wasiƙarka. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka idan ido ya rufe na daƙiƙa 4 kacal, motar ta yi tafiyar da ta zarce tsawon filin ƙwallo babu mai riƙe da ita. Kafin mu zo maganar magani, ina roƙonka ka ajiye tuƙin doguwar tafiya, ka hau motar haya ko ka nemi wanda zai ja ka, har sai an gano abin da ke damunka.

Amsata ita ce kada ka saya. Dalilina na farko ma bai shafi ingancin ƙwayar ba, domin ko da ta gaske ce daga kamfanin da ya yi ta, ba na jin ita ce kake buƙata. Barcin rana mai yawa alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama, kuma abubuwan da ke jawo shi suna da yawa: ƙarancin barcin dare, aikin dare, ciwon suga da ba a shawo kansa ba, ƙarancin jini, rauni a aikin maƙoƙon wuya, ciwon damuwa, da wasu magunguna irin su ƙwayoyin mura da ƙaiƙayi da mutane ke sha kamar gyaɗa ba tare da sanin suna sa barci ba. A da can, idan aka ce ciwon barci a ƙasar nan, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa ake nufi, har ma cibiyar binciken cutar tana nan a garinku na Kaduna, amma wannan ya yi ƙaranci ƙwarai a yau, kuma bayaninka bai yi kama da shi ba.

Abin da bayaninka ya yi kama da shi shi ne ɗaukewar numfashi a cikin barci. Ka haɗa alamominsa kusan duka a wasiƙa ɗaya: minshari mai ƙarfi, ciwon kai da bushewar baki da safe, hawan jini, da barcin da ba ya wartsakar da jiki komai tsawonsa. Idan mutum ya yi barci naman maƙogwaronsa yana saki, to ga wasu mutane, musamman masu jiki da masu kaurin wuya, sakin yakan kai ga hanyar iska ta toshe gaba ɗaya. Ƙirji yana ta ƙoƙarin jawo numfashi amma iska ba ta wucewa, iskar oksijin ta ragu a jini, sai ƙwaƙwalwa ta zabura ta farkar da mutum na ɗan lokacin da bai isa ya tuna ba, ya ja numfashi da gurnani, ya koma barci, sannan abin ya sake maimaituwa. Likitoci suna ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10 ko fiye. Wanda hakan ke faruwa da shi sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya nasa mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Ka lissafa da kanka, tun da lissafi sana'arka ce: mutumin da ake tayarwa sau 30 a awa, a dare mai awa 7 an tashe shi sau 210, alhali shi a ganinsa tun da ya kwanta bai motsa ba.

Babbar mai shaida a wannan shari'a tana cikin gidanka. Ka roƙi uwargida ta zauna ta saurare ka na rabin awa bayan barci ya ɗauke ka, ta lura ko minsharin yana yankewa ɗif, a yi shiru kamar an ɗauke wuta, sannan ka dawo da wani irin shaƙewa. In da hali ta naɗi sautin a waya ka tafi da shi asibiti. Matan aure da yawa sun san wannan shirun sarai, har wasu sukan zunguri maigida don su tabbatar yana da rai, sai dai ba su taɓa ɗauka cewa magana ce ta likita ba.

Yanzu ka duba abin da zai faru idan ka sha ƙwayar a wannan hali. Idonka zai buɗe da rana, ka ji daɗi, ka ce an dace. Amma da dare maƙogwaro zai ci gaba da toshewa kamar yadda ya saba, jini zai ci gaba da hawa, zuciya ta ci gaba da wahala, kuma wannan ciwo idan aka bar shi yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Gyangyaɗin da kake jin kunyarsa shi ne kaɗai abin da ke tura ka neman taimako, ƙwayar kuwa shi za ta ɗauke ta bar maka sauran. Bugu da ƙari, ita kanta modafinil tana iya ƙara hawan jini da bugawar zuciya, shi ya sa ba a ba wanda jininsa bai daidaita ba.

Ba ina cewa maganin banza ba ne. An samar da shi a Faransa, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998, kuma ya sauya rayuwar masu wata cutar barci mai suna narkolefsi da zan yi bayaninta a amsar da ke tafe. Sai dai a Amurkan ma yana cikin jerin magungunan da doka ta sa wa takunkumi, ba a bayar da shi sai da takardar likita. A 2010 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta sake auna amfaninsa da illarsa, ta ba da shawarar a taƙaita shi ga waccan cuta ɗaya kawai, a daina bayar da shi don ɗaukewar numfashi da kuma barcin masu aikin dare, saboda illolin da aka gani a fata da zuciya da kuma tunani. Cikinsu akwai wani mummunan ƙurji da ke sa fata da cikin baki su saluɓe, wanda ba kasafai yake faruwa ba amma yana iya kisa. A Amurka har yanzu ana ba masu ɗaukewar numfashi, amma a matsayin ƙari ga wanda aka riga aka buɗe masa hanyar iska kuma barcin bai sake shi ba.

Sai mu zo kan shafin da abokin aikinka ya nuna maka. Kalmar da suka ja hankalinka da ita, wato ba sai da takardar likita ba, ita ce babbar shaidar da ke kansu. Mutane da yawa suna kallon takardar likita kamar shingen 'yan sanda, abin da mai wayo ke zagayewa, alhali takardar shaida ce cewa wani ya auna jininka, ya saurari zuciyarka, ya tambayi magungunan da kake sha, kuma ya ɗauki alhakin abin da zai biyo baya. Mai shafin bai san shekarunka ba, bai san kana da hawan jini ba, kuma ranar da jikinka ya rikice lambar wayarsa ba za ta shiga ba. Amurkawa sun koyi wannan da tsada. A 2001 wani matashi ɗan shekara 18 mai suna Ryan Haight ya mutu a Kalifoniya bayan ya sha ƙwayoyin kashe zafi da ya saya ta intanet da takardar wani likitan da bai taɓa ganinsa ba, kuma dokar da suka kafa a 2008 don hana irin wannan ciniki sunansa take ɗauke da shi.

Akwai kuma batun abin da ke cikin kwalin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kusan magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki jabu ne ko marar inganci, kuma tun 2008 'yan sandan ƙasa da ƙasa suke gudanar da samame na musamman a kan masu sayar da magani ta intanet ba bisa ƙa'ida ba. Ƙwayar da ta zo maka a leda daga tasha tana iya zama alli, tana iya zama maganin gaske da ya lalace a zafin but ɗin mota, tana kuma iya zama wani abu dabam mai sa kuzari da aka buga wa suna. Mu da muka ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, bai kamata a yi mana dogon bayani a kan ƙwayar da ake saye a ɓoye ba.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka fara da likitan da ke duba hawan jininka, ka gaya masa maganar minshari da ta hanyar Zariya ba tare da ragewa ba. Zai iya gwada ka da wasu tambayoyi 8 da wani likita a Melbon ta Ostireliya, Murray Johns, ya wallafa a 1991, ana kiransu ma'aunin Epworth. Ana tambayar mutum yadda barci ke iya ɗaukarsa a yanayi dabam-dabam, kamar yana karatu, yana zaune bayan cin abincin rana, ko yana cikin mota a cunkoso, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 3. Jimilla 24 ce, kuma wanda ya haura 10 barcinsa ya wuce ƙa'ida. Za a auna nauyinka da kaurin wuyanka, a duba suga da yawan jini da aikin maƙoƙo, sannan a tura ka wurin likitan ƙirji ko na kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa, na Shika da ke Zariya bai yi maka nisa ba. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne na kwana ɗaya da na'ura a jiki tana ƙirga numfashi da iskar jini. Idan an tabbatar, babban maganin shi ne na'urar CPAP, wadda wani likita a Sidni, Colin Sullivan, ya ƙirƙiro a 1980. Ana ɗaura wani abin rufe hanci, na'urar tana hura iska a hankali don hanyar ta zauna a buɗe har safe. Na san tana da tsada, na kuma san halin wutar lantarkinmu, dole a haɗa da batir ko sola. Amma rage ƙiba, da kwanciya a gefe maimakon rigingine, da barin sigari da ƙwayoyin sa barci ga mai sha, duk suna rage tsananin ciwon kuma ba su buƙatar wuta. Goro da shayin ma ka tsayar da su daga azahar, domin sinadarin da ke cikinsu yana daɗewa a jini awanni da yawa, yana lalata ɗan barcin daren da ya rage maka.

TAMBAYA

Likita, barka da aiki. 'Yata ce mai shekara 19, tun tana aji uku na sakandare barci yake kama ta ko'ina, har tana cin abinci. Idan ta yi dariya sosai sai gwiwoyinta su saki ta zube, amma tana jin duk abin da ake faɗa. Ga yawan dannau. Mun yi ruƙiyya, mun yi na gargajiya, malamai a makaranta kuma suna ce mata malalaciya. A ƙarshe wani ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ya ce narkolefsi ce, ya rubuta mata modafinil, amma mun zaga kemis-kemis na garinmu ba mu samu ba. Shin laifi ne mu yi oda ta intanet? Ga shi kuma an sa ranar aurenta bayan sallah.

Wata uwa daga Gusau

AMSA

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ta lafiya ya sanya alheri a auren. Na haɗa wasiƙarki da ta sama da gangan, domin magani ɗaya kuke tambaya amma amsarku ba ɗaya ba ce. Ke kin riga kin yi abin da ya fi wuya, an ga yarinyar, an san ciwon, kuma takarda tana hannunki.

Ki fara gaya wa 'yarki cewa ba lalaci ba ne, kuma ba ita kaɗai ba ce, domin ana ƙiyasin mutum 1 cikin kusan 2,000 yana da wannan ciwo, kuma yawanci a shekarun ƙuruciya yake farawa. Wani likitan Faransa, Gélineau, shi ya raɗa masa suna a 1880, amma sai bayan 1998, da aka gano wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna oreksin, aka fahimci tushensa. Wannan sinadari shi ne ke riƙe da ƙofar da ke tsakanin farke da barci, kuma masu irin ciwon 'yarki sun rasa yawancin ƙwayoyin halittar da ke samar da shi. A lokacin mafarki jikin kowa yana saki don kada ya tashi ya aikata abin da yake gani, to ga mai narkolefsi wannan sakin yakan kutso cikin farke. Idan ya zo lokacin da take farkawa shi ne dannau, idan kuma dariya ko mamaki suka jawo shi tana tsaye, shi ne zubewar da kike gani. Abin da ya bambanta shi da farfaɗiya shi ne wanda kika lura da kanki, hankalinta yana nan.

Game da oda, sayen magani ta intanet ba laifi ba ne a kansa, muddin kantin na gaskiya ne. Tun 2021 hukumar da ke kula da harkar harhaɗa magunguna a Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin kantunan intanet, waɗanda suka wajabta musu rajista da kuma samun famasis mai lasisi da ke ɗauke da alhakin kantin. Amma kafin ki kai can, ki koma sashen magani na asibitin da aka ga yarinyar, ko ki sami babban kanti mai famasis na gaske, ki ba shi takardar ki ce ya nemo miki. Sau da yawa suna da hanyar da za su samo daga dillalai masu rajista cikin 'yan kwanaki, kuma hakan ya fi ki yi hulɗa da wanda ba ki taɓa gani ba. Idan dole sai ta intanet, kanti na gaskiya zai nemi ki tura hoton takardar kafin ya karɓi kuɗinki, yana da adireshin da za a iya takawa a je, yana da famasis da za ki yi magana da shi da suna da lambar rajista, kuma asusun da za ki biya na kamfani ne, ba na wani mutum ba. Wanda ya ce miki takardar ba ta da muhimmanci, ko ya karya farashi ƙasa da na kowa, ko ya matsa miki ki sayi na wata shida a tashi ɗaya, ki rabu da shi. Kada kuma ki yi oda kai tsaye daga wata ƙasa, domin shigo da irin waɗannan magunguna yana buƙatar izinin hukuma. Idan kaya ya iso, kada yarinyar ta haɗiyi ko ɗaya sai kin kai kwalin wurin famasis ko likitanta ya duba sunan kamfani, da lambar rukuni, da ranar lalacewa, da lambar NAFDAC, tare da sanin cewa masu jabu ma suna buga lamba.

Da safe ake shan maganin, yawanci miligiram 200 ko abin da likita ya rubuta, domin yana daɗewa a jiki, idan aka sha da yamma sai ya hana barcin dare. Idan ƙurji ya fito mata, ko bakinta ya yi gyambo, ko zazzaɓi ya zo tare da su a makonnin farko, ta dakata a tafi asibiti a ranar. Haka nan idan kika ga halinta ya sauya, ko tana yawan fargaba. Ki kuma sani modafinil barcin yake ragewa, ba ya hana zubewar nan ta lokacin dariya, wannan tana da nata maganin dabam, saboda haka ki tuna wa likitan. Ƙailula ta minti 15 zuwa 20 sau ɗaya ko biyu a rana, a lokaci tsayayye, tana taimaka wa masu wannan ciwo ƙwarai, kuma ya kamata a kai wa makarantarta takardar asibiti don su ba ta wannan dama. Girki a kan wuta ita kaɗai, da ɗiban ruwa a rijiya, da hawa babur ba tare da ta riƙe wani ba, a yi hattara da su har sai an ga yadda maganin ya karɓe ta.

Maganar auren ita ce nake so ki ɗauka da muhimmanci fiye da maganar oda. Ba a shan modafinil da juna biyu, domin an sami rahotannin nakasa ga jarirai, har hukumar magunguna ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi a kan haka a 2020. Sannan maganin yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a dantse, kuma wannan tasiri yana ci gaba har wata biyu bayan an daina sha, ta yadda mace za ta ɗauka tana da kariya alhali babu. Mai sayarwa a intanet ba zai tambaye ki ko an sa rana ba. Saboda haka kafin biki ki mayar da ita wurin likitan, kuma in zai yiwu a tafi da angon ko wata babba daga danginsa, a yi musu bayanin ciwon da bakin likita, a kuma tsara yadda za a yi da maganin idan suna son haihuwa da wuri. Gara dangin miji su ji sunan ciwon a asibiti tun yanzu, da su fara ganin amarya ta zube a tsakar gida ranar da aka ba ta dariya.